Lahadi: motar Alhajin Abalak da maganar Kawu

Ƙarfe goma sha ɗaya na dare ta gota. Ina kwance kan tabarma a tsakar gida, idona na yi mini yaji saboda hasken walda, barci kuma ya ƙi zuwa. Bari in rubuta ko zuciyata ta sauka.

Lahadi ranar kasuwar Tawa ce, ranar da garajinmu ba ya shan iska. Duk wanda ya shigo gari daga Keita, Buza ko Cintabaraden da mota mai wani abu a tsage, sai ya biyo ta wurinmu kafin ya juya. Yau kuma ga alkawarin Alhajin Abalak a wuyana. Land Cruiser 79 ce, muka sauke akwatin baya na kamfani, muka ƙera mata bodi mai hawa biyu na ɗaukar tumaki, da tankin gazuwal na biyu, da maɗaurin taya biyu da duron ruwa. Kwana 19 tana hannunmu. Na ce masa ya zo da la'asar.

Da na fito daga masallaci na tarar Baba ya riga ni. Mutumin da ya haura saba'in, yana kwance ƙarƙashin mota da tocila a baki. Bai amsa gaisuwata ba, sai ya ce, "Kai wannan, zo ka gani." Ni ne ɗan fari, har yau bai taɓa kama sunana ba. Na durƙusa na leƙa. Ashe jiya da yamma ɗaya daga cikin aparantinmu ya ɗiga walda wuri uku a kan sasi, wato ƙarfen da duk jikin mota ke zaune a kansa, don ya riƙe maƙalin tanki. Aikin ma ya yi kyau a ido.

A garajin nan doka ɗaya ce ba ta da roƙo: ba a kai wuta jikin sasi. Zafin walda yana sauya ƙarfen a daidai wurin, sasi kuma abu ne mai murɗawa yana komawa duk sanda mota ta faɗa rami. Nan inda aka ƙona, nan zai fara tsagewa. Shi ya sa muke ɗaure bodi da kusoshi masu lanƙwasa, mu shimfiɗa roba tsakani. Motar da za ta yi ta zirya a hanyar Tawa zuwa Agadas, wadda aka shimfiɗa don yuraniyom na Arlit ta kuma tsufa, ba ta rufa wa maƙeri asiri. Kafin ta cinye kilomita ɗari da talatin da ɗoriya na zuwa Abalak sau goma, duk ha'incin da ke jikinta ya fito fili. Muka kankare, muka sake maƙalin da kusoshi. Awa biyu suka tafi a nan. Yaron yana ta rawar jiki, yana jiran mari. Baba dai ya miƙa masa sifana ya ce shi zai ɗaure da hannunsa.

Wajen ƙarfe goma wuta ta ɗauke. Ƙanena ya tada janareto, aiki bai tsaya ba. Duk sanda na ji ƙarar injin nan sai in tuna 2023, bayan juyin mulkin watan Yuli, da Najeriya ta yanke layin lantarki aka kuma rufe iyaka. Ƙarfen da muke saye ta Konni ya yi wuya, masu walda da dama a garin nan suka koma zaman shan shayi. Mu mun tsira ne don akwai abin da muka ajiye, muka sayi janareton a lokacin. Wannan ajiyar kuwa ba ta faɗo daga sama ba.

Baba ya koyi aiki a Kaduna, wurin masu ƙera bodin manyan motoci, zamanin da 504 ke fitowa sabuwa fil daga kamfanin Peugeot na garin. Korar baƙi ta 1983 ta dawo da shi gida da injin walda guda da akwatin sifanu. Bai gama zama ba yunwar El Buhari ta shigo. A 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin ƙarfe ya tashi, mutanen da yake bi bashi kuma suka yi kamar ba su san shi ba. Hannunsa babu kamarsa a Adar, kowa ya shaida. Amma shekara talatin yana aiki ƙarƙashin rumfar kwano guda, domin aljihunsa shi ne asusun garaji. Kuɗin bodi ya shigo da safe, da rana an sayi hatsi, an kai gudummawar biki, an ba wani na mota. Ranar sayen ƙarfe sai a ci bashi.

Abin da na kawo bayan na gama makarantar fasaha a Maradi bai wuce kaye guda na rubuta lissafi ba. Na ce kowa a sa masa albashi, har Baba. Rabin kuɗin aiki kafin alƙalami, sauran ranar ɗaukar mota. Abin da ya rage na garaji ne, ba na gida ba. An zage ni a dangi, an ce boko ya ɓata ni. Yau muna da ma'aikata 9, da fili namu na kanmu, da injin lanƙwasa ƙarfe, ana turo mana hoton mota ta WhatsApp daga Yamai a tambayi farashi.

To, da azahar sai ga Kawu, ƙanin Inna. Ya sayi tsohuwar Hilux, yana son bodin ɗaukar albasa, zai riƙa lodi daga Galmi. Ya zauna kan bencin Baba, aka kawo masa ruwa, aka gaisa har da tambayar awaki. Sannan ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka sa yara su fara gobe. In albasa ta fito za mu yi magana."

Na san wannan "za mu yi magana". Akwai ta a kaye tun bara, jika 85 na gyaran wata motar, ban taɓa tada zancen ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Kawu, ku yi haƙuri. Kuɗin hannu na yafe, ba zan karɓi ko dala ba. Amma ƙarfe da fenti sai an biya, don mu ma saye muke."

Ya yi shiru. Ya juya wurin Baba ya ce, "Yaya, a gabanka?" Baba na ta goge wani kusa da tsumma, bai ɗago ba. Kawu ya tashi, ya kaɗe riga, ya ce shi ya goya ni a kafaɗa ya kai ni kallon kokowa ina ɗan shekara biyar. Gaskiya ne kuwa, na tuna har da gyaɗar da ya saya mini. Ya fita bai sha ruwan ba. Tuwon rana ya ƙi wuce mini.

Alhaji ya iso bayan la'asar da direbansa. Ya zagaya motar sau biyu, ya hau bene na sama ya yi tsalle a kai da girmansa, ya ja ƙofar baya ya saki. Ya so mu ƙara tsawon bodin da kamu ɗaya, na ce ranka ya daɗe, in nauyi ya yi sama mota kifewa take a yashi, mun riga mun ƙara mata ganyen resor biyu a baya, iyakar abin da za ta ɗauka ke nan. Ya yi dariya ya ce ɗan maƙeri ya fi ubansa taurin kai. Ya ƙirgo cikon kuɗi, na rubuta masa rasit, ya ce ƙaninsa ma zai kawo tasa bayan Layya.

Labari ya riga ni gida. Inna ta ajiye mini abinci ba ta ce uffan ba, wanda ya fi faɗa ciwo.

Bayan isha'i ina rufe lissafin yau sai Baba ya zo ya tsaya a kaina. Ya ce, "Kai wannan, ƙarfen Hilux ɗin nan nawa zai ci?" Na faɗa masa. Ya jinjina kai, ya ce, "Rubuta a shafina. Ka riƙa cirewa a albashina har wata huɗu. Kada ka gaya masa daga inda ya fito." Na ce to jika 85 na bara fa? Ya ce wannan tsakanina da kawuna ne, shi babu ruwansa.

Na rubuta. Gobe da sassafe zan aika ƙanena ya jawo motar, don ni ban san da wace fuska zan shiga gidan ba tukuna. Iskar gas ma ta kusa ƙarewa, sai na tuna in aika a cika tulun.