Abin da ya fito daga lagireton motata

Shekara huɗu ke nan ina jan tsohuwar Corollar nan, kuma duk ruwan da hannuna ya kai kansa shi nake ɗura wa lagireto: na famfo in an sako, na ƴan garuwa in an ɗauke, wata rana ma ragowar na buta. A Damagaram wa ke zaɓen ruwa? Koren ruwan nan na galan da ake sayarwa don sanyaya inji kuwa, a ganina kayan ƙasashen ƙanƙara ne, ina ruwanmu da shi.

Ranar Asabar da azahar, ina dawowa daga Mirriya, tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba, sai allurar zafin inji ta haye ja. Na tsaya, har na kai hannu kan murfin lagireton, wani ɗan kabu-kabu ya daka min tsawa: "Malam, fuskarka ka gaji da ita?" Allah ya saka masa. Na zauna gindin bedi har injin ya huce, na lallaɓa zuwa garejin wani dattijo a Sabon Gari, abokin mahaifina ne, Baba nake ce masa.

Bai taɓa motar ba sai bayan la'asar. Ya ce murfin nan ba ado ba ne, shi ke danne ruwan ya wuce digiri 100 bai tafasa ba. Ka buɗe shi da zafi, nan take ya yi tsiri. Da ya tabbata ta yi sanyi, yaronsa ya tura roba ƙarƙashi, ya murɗe ɗan famfon da ke gindin lagireto. Abin da ya zubo ya ba ni kunya. Jajawur kamar ruwan tabki bayan saniya ta shiga, ga ɓarɓashin tsatsa, ga wani farin dasashi a bakin tiyo irin wanda ke kama gindin butar shayi.

"Ɗana," in ji Baba, "wannan duk girkinka ne."

Sau uku aka cika, aka tada inji, aka bari ya huce, aka zubar, kafin ruwan ya washe. Sannan ya haɗa koren nan rabi da rabi da tataccen ruwan nan da ake ƙara wa batir, wajen lita biyar. A nan na ji cewa ba daskarewa kaɗai yake hanawa ba: yana hana tsatsa, yana kuma jinkirta tafasa, abin da muke buƙata ke nan a bazara. Ya kori wata akuya da ta leƙo wajen galan ɗin, wai zaƙi gare shi amma guba ne, ga dabba da yaro duka.

Cikawar ce ta ci lokaci. Ya bar murfi buɗe, inji na aiki, yana matsa tiyon sama da hannu, kumfa na fitowa ɓul-ɓul, ruwan na sauka yana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Iska in ta maƙale ciki, motar za ta yi zafi ko da lagireto cike yake. Sai da fanka ta tashi sau biyu ya rufe, ya cika ƴar robar gefe zuwa zane.

Ya ce in duba da safe kafin in tada ta. Na duba, ruwan ya sauka kamar yatsa biyu, na ƙara daga ragowar galan ɗin, wanda yanzu ke kulle a bayan mota saboda yara.