Yadda na rasa ƙuri'ata a 2023 da katin zaɓe a jakata

Duk macen da ta yi aure ta bar garinsu, dan Allah ki karanta wannan kafin ki je wajen rajistar zaɓe, saboda abun da ya same ni har yau in na tuna sai na ji raina ya ɓaci.

A Funtua na yi rajista tun ina gidanmu, da katin na yi zaɓen 2019 lafiya lau. Daga baya aure ya kawo ni Kano, ɓangaren Kumbotso. A shekarar 2022 da aka ce an kusa rufe rajista gaba ɗaya, kowa ya rikice, sai na je wani shago a unguwarmu da wani yaro ke cike wa mutane fom a kwamfuta. Na ciro katina na nuna masa da hannuna, na ce ina da na Funtua, so nake ya dawo nan. Ko juya katin bai yi ba ya ce, "Anti ai na Katsina ba ya aiki a Kano, sabo za a yi miki." Ya karɓi kuɗina ya cike min fom ɗin sabuwar rajista, na je na bi layi cikin cunkoson nan aka ɗauki hotona da yatsuna goma aka ba ni silif, na dawo gida da murnata.

Ashe abun da ya kamata a yi min taransifa ce, wato a ɗauke sunana daga rumfar Funtua a maido shi rumfar da ke kusa da gidan mijina, kuma zaɓin yana nan a shafin hukumar zaɓe INEC da yake cike fom ɗin, bai nuna min ba.

Sai a Janairun 2023 da aka kawo katuna mazaɓu na je firamaren da ake rabawa. Ma'aikaciyar ta bi katunan ɗaya bayan ɗaya da silif ɗina a hannunta, ta sake bi, babu. Ta ɗago ta kalle ni ta ce, "Hajiya kin taɓa yin rajista a baya?" Na ce eh, a Funtua. Ita ce Allah Ya saka mata ta zaunar da ni ta yi min bayani, cewa INEC na da wata na'ura ABIS da ke gwada fuska da zanen yatsun duk sabon mai rajista da na waɗanda ke ciki tun da, in ta ga mutum sau biyu sai a soke sabuwar, tsohuwar ta zauna inda take. Wato ni har lokacin 'yar rumfar Funtua ce. Kuma ba ni kaɗai ba ce, cikin mutum miliyan 12.29 da suka kammala sabuwar rajista wancan karon an soke miliyan 2.78, ciki har da irin mu masu sau biyu, saura miliyan 9.5 aka ƙara. Abun da ya fi tsorata ni ma shi ne jin cewa a dokar zaɓe ta 2022 rajista sau biyu laifi ne mai tara ko ɗauri, ni da na je da zuciya ɗaya!

Toh gyara kuma ba hali, an rufe tun Yuli. Ga ni da tsohon ciki, Funtua ba nisa ne da ita sosai ba amma ranar zaɓe ba a zirga-zirga, sai dai mutum ya tafi ya kwana, maigida ya ce sam ba zan hau mota a haka ba. Ranar 25 ga Fabrairu ina zaune a tsakar gida ya shigo da tawada a yatsa, matan makwabta na ta hirar yadda BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, ta ɗauki fuskar wance da yatsanta ya ƙi, ni ko kati mai kyau na cikin jaka amma ba inda zan kai shi. Ina da wanda nake so in zaɓa, na yi ta musu a kansa wata da watanni, magana ɗaya ta yaron nan ta raba ni da ƙuri'ata.

Shi ya sa da aka sake buɗe rajista a Agustan 2025 ban bi ta kan kowane shago ba. Ofishin INEC na ƙaramar hukumarmu na nufa da tsohon katina, tun daga bakin ƙofa nake cewa taransifa na zo yi. Lambar VIN da ke jikin katin aka duba, na faɗi unguwarmu da rumfar da ta fi kusa, shikenan, ko kwabo ban biya ba. Haka ma wadda katinta ya ɓata ko ya lalace, ko aka yi kuskure a sunanta ko ranar haihuwa, kowanne da gurbinsa, babu wanda ke buƙatar sabuwar rajista, sabuwa ta wanda bai taɓa yi ba ce, kamar yaran da suka cika 18.

Kuma wannan karon in an kafe sunaye a mazaɓa da ƙafata zan je in ga sunana da hotona a ƙarƙashin rumfar da na zaɓa, kati ma da kaina zan karɓa don ba a aike. Amaryar ƙanin maigida daga Zariya aka kawo ta, na riga na faɗa mata ta nemo katinta a cikin kayanta, ni zan raka ta.