Ƙugiyar araha ta raba ni da giwan ruwa

Har yanzu in na tuna raina ɓaci yake yi. Giwan ruwa ne, na ga faɗin jikinsa da idona lokacin da ya juyo kusa da kwalekwale, can ƙasan Gadar Kennedy wajen unguwar Gamkalle a Yamai. Ya ja, na ja, sai kawai na ji zare ya saki. Abin da na jefa masa abincin yaudara ne da nake haɗawa da kaina: ƙugiya da ake zuba wa kan dalma a wuya, a ɗaura mata gezar gashi. Da na naɗo, kan dalma yana nan, geza tana nan ko gashi ɗaya bai tsinke ba, amma ƙugiya ta miƙe sambal kamar allura. Mai shagon da ya sayar mini da kwalin ya rantse mini ƙarfe ne na gari. Na bar shi da Allah.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk sauran aikin ya yi kyau. Mazubin dalmar, masu zubin tukwane na kasuwar Katako suka yi mini da gorar ruwa. Dalma kuwa wajen masu gyaran taya nake tsinta, irin wadda ake maƙala wa ƙafar mota. Sai dai a lura, ba duka ne dalma ba yanzu: dalma tana narkewa a wajen digiri 327, duk guntun da ya ƙi narkewa ya taso sama to wani ƙarfe ne, a tsame shi. Mazubi ya bushe ƙayau kafin a zuba, ɗigon ruwa ɗaya kan sa ta yi tsartuwa har fuska. A yi aikin a fili, nesa da yara da tukunyar abinci. Wanda ya ji labarin yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba ya wasa da wannan.

Geza ce na fi ɓata wa lokaci. Gashin kaza yana da kyau a ido, amma da ya jiƙe sai ya manne ya zama siriri, kuma cizo ɗaya tsage zai yi masa ya gama da shi. Robar tayar keke da aka yayyanka siri-siri tana rawa sosai cikin ruwa, matsalarta ranar Yamai: in ta daɗe cikin akwati sai ta yi danƙo ta tsattsage. Abin da na tsaya a kai shi ne gashin wutsiyar akuya, wanda mahauta ke ba ni kyauta. In an wanke shi da sabulu ya bushe, yana buɗewa yana rufewa duk sa'ad da ka ɗaga sanda ka sake, kuma yana jure haƙori. Nakan sa ƴan silin zare mai walƙiya na masu ɗinki a tsakiya, kaɗan dai, in ya yi yawa kifi baya yake ja. Lokacin jan ruwa na Agusta da Satumba baƙin gashi ya fi ba ni kifi, in ruwa ya washe da sanyi kuma fari. Kada geza ta zarce lanƙwasar ƙugiya da fiye da faɗin yatsa biyu, in ba haka ba wutsiya kawai za a riƙa cizo kana ɗauka kifi ne ya ƙi kamuwa. Ɗauri da zaren laylon, a bi shi da jan farce.

To duk wannan wahala, a kan ƙugiyar da ba ta kai dala biyar ba na ɗora ta! Kuma ita kaɗai ce abin da ba a canjawa in dalma ta riga ta daskare a wuyanta. Geza in ta lalace ka kwance ka sake, ƙugiya kuwa sai dai ka narkar da kan gaba ɗaya. Haka na zauna na narkar da duk wanda na zuba da wannan kwalin.

Wani dattijon Basarke da na nuna wa ƙugiyar bai ma saurari ƙarshen labarin ba. Ya ce: "Yaro, ka gwada ta kafin ka zuba?" Ya soka ɗaya a jikin kwalekwale ya ja da filaya, nan take ta buɗe. Yanzu kowane kwali na sayo sai na ware ɗaya na rataya mata jarkar ruwa. Gram 10 zuwa 14 nake zubawa don inda ruwa ya kwanta, 20 ko fiye don tsakiyar kogi, kuma masu nauyin nan ba na sa musu sai ƙugiya mai kauri, ko da kuɗinta ya ninka uku.