Abin da ranar ƙarshe ta kakar 2016 ta koya mini

A makon nan nake barin teburin labaran wasanni bayan shekaru da dama, kuma duk lokacin da na waiwaya, rana ɗaya ce take fara zuwa mini: Juma'a, 23 ga Satumba 2016, ranar ƙarshe ta gasar kurket ta gundumomin Ingila, wadda ake buga kowane wasanta cikin kwana huɗu.

Tun ranar Alhamis Somerset ta lallasa Nottinghamshire a gidanta na Taunton ta haye saman teburin gasar, kuma kyaftin ɗinta Chris Rogers ya yi gudu (wato makin da mai bugu ke samu) aƙalla ɗari a kowanne daga cikin bugunsa biyu a wasansa na bankwana. Abin da ya rage shi ne karawar Middlesex da Yorkshire a filin Lord's da ke Landan. Idan aka tashi canjaras, Somerset za ta ɗauki kofin da ba ta taɓa ɗauka ba a tarihinta. Da rana ta take a ranar Juma'ar, Nick Gubbins da Dawid Malan na Middlesex sun kafe suna bugu, lokaci yana ƙurewa, sai na yanke a raina cewa wasan ya mutu, na rubuta cikakken labari cewa kofi ya nufi Taunton. Na nuna wa editanmu a matsayin shirin ko-ta-kwana, shi kuwa ya ce in wallafa shi nan take, domin kada wasu su riga mu.

Kuskurena na gaskiya shi ne na zuba wa allon gudu ido, ban tambayi kaina abin da kyaftin biyun suke buƙata ba. Canjaras ba ta da amfani ga James Franklin na Middlesex, haka kuma ga Andrew Gale na Yorkshire, wanda ƙungiyarsa take neman kofi na uku a jere bayan na 2014 da 2015. Saboda haka suka daidaita a tsakaninsu: Adam Lyth da Alex Lees na Yorkshire, waɗanda aikinsu buɗe bugu ne ba jifa ba, suka riƙa jifa mai sauƙi har Middlesex ta tara abin da aka shirya, ta rufe bugunta, ta bar wa Yorkshire neman gudu 240 cikin oba 40 (kowace oba jifa shida ce). Da yamma Toby Roland-Jones na Middlesex ya fitar da 'yan Yorkshire Azeem Rafiq da Andrew Hodd da Ryan Sidebottom da jifa uku a jere, Middlesex ta yi nasara da ratar gudu 61, ta ɗauki kofinta na farko tun 1993. Kafin mu janye labarina, magoya bayan Somerset sun riga sun yaɗa shi, kuma saƙonnin da suka aiko daga baya sun fi kowane horo ciwo.

A taron ranar Litinin editan ya faɗa a gaban kowa cewa na wallafa ba tare da izini ba. Na yi shiru, domin umarnin da baki ya ba ni, kuma na san shekarun da ya yi a gidan sun fi maganata nauyi. Wata uku aka hana ni taɓa rahoton kai tsaye. Na amince da rabona na laifin tun a ranar, amma har yau ban ga dalilin da ya sa aka ɗora mini nasa ba.

Tun daga nan nake neman kowane umarnin wallafawa a rubuce. Na kuma haddace ƙa'idar makin kari, wato makin da ƙungiya ke samu ban da na nasara ko canjaras, sannan na koyi cewa teburin gasa ba ya tabbata sai hukumar kurket ta yi magana, domin a watan Oktoban shekarar aka saukar da Durham zuwa rukuni na biyu saboda bashi, alhali ta kammala a matsayi na huɗu.

A 2019, lokacin da Essex ta je Taunton wasan ƙarshe da Somerset, wanda zai raba gardamar kofi, kuma ruwan sama ya cinye yawancin kwanakin, ni aka damƙa wa teburin labarai. Ban saki kalma ɗaya game da kofi ba sai da kyaftin biyun suka yi musabaha, Essex ta zama zakara, Somerset ta sake zuwa ta biyu. Editan yana zaune kusa da ni a yammacin nan, ya karanta labarin ya sa hannu, bai ce komai ba.