Sana'ar gas a Yamai: abin da ake yi kafin ƴan kwana-kwana su iso

Shagona a Yamai yake. Muna sayar da gas na girki, muna haɗa wa gidaje da gidajen abinci risho da tiyo da detandar (na'urar da ake ɗaurawa a bakin tukunya don rage ƙarfin fitar gas), sannan muna duba tukwanen kashe gobara mu cika su. Mai wucewa zai hangi tukwane a jere ƙarƙashin rumfa, ƴan kilo 6 gefe guda, ƴan kilo 12,5 gefe guda, ya ɗauka sana'ar ba ta wuce karɓi kuɗi miƙa tukunya ba. Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011 gas ya shiga gidajen da a da itace da gawayi kawai suka sani, amma sanin yadda ake zama da shi bai shiga tare da shi ba. Wannan sanin shi ne ainihin jarina.

A hannun wani dattijo mai walda na koyi aiki. Kafin ya yarda in taɓa ko sifana sai da ya sa na ɗaga tukunya na jijjiga ta kusa da kunnena. Ya ce, "Me ka ji, yaro?" Na ce, "Baba, kamar ruwa." Ya ce to ruwa ne, matsi ne ya riƙe shi a haka, kuma duk wanda ya manta da wannan bai kamata ya kwana kusa da tukunya ba. Lita guda ta wannan ruwan in ta sami hanya ta fita tana zama sama da lita 200 ta iska mai kamawa. Shi ya sa a wurin cikawa na ƙa'ida ba a cika tukunya maƙil, ana tsayawa wajen kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari, a bar wa ruwan wurin kumbura idan ya ji zafi. Zafin Afrilu da Mayu a Yamai kuwa ba sai an ba kowa labari ba, yakan kai digiri 45 a inuwa.

Nan ne raina yake ɓaci da masu ɗure a ɓoye, waɗanda ke kifa babbar tukunya a kan ƙarama cikin lungu su juye gas ba tare da sikeli ba. Wata ta fito da rabi, an cuci mai saye. Wata ta fito cike har wuya, a ɗora ta a bayan babur cikin rana tsaka. Duk tukunyar da ta shigo shagona sai ta hau sikeli, sai na duba gindinta ko tsatsa ta ci, sai na shafa ruwan sabulu a bakinta in ga ko kumfa za ta taso. Wadda ta lotsa ko ta kumbura gefe nake ware ta ta koma kamfani, ko da kuwa layi ya kai bakin titi.

Yoyon da babu wuta shi ya fi ba ni tsoro, domin mutane suna raina shi. Gas ɗin girki ya ninka iska nauyi kusan sau biyu, ba ya tashi sama, ƙasa yake bi, ya kwanta a ɗaki, ya gangara lambatu ko ramin masai. Kashi 2 zuwa 8 cikin ɗari kawai yake bukata a iskar ɗaki, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Warin da kuke ji ma zuba masa aka yi da gangan don hanci ya gane. Idan kika ji warin nan, Hajiya, kada ki taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa. Kada ki kunna fanka wai ta kore shi, kada ki haska da ashana. Ki murɗe makullin tukunya, ki buɗe ƙofa da taga, ki fitar da yara, waya kuma sai kin fita waje. Ina kuma gaya wa mata su aika yaro ƙofar gida, domin samarin fada suna can da murhun shayinsu a ƙasa, daidai inda gas yake bi.

Idan kuma wuta ta kama a bakin tukunya, abin da hankali ke fara raya wa mutum shi ne ya kashe ta. Maigidana, dattijon nan mai walda, bai yarda da wannan ba, ni ma ban yarda ba. Gas ɗin da ke ci ka san inda yake. In ka kashe harshen wutar alhali yoyon na nan, ka mayar da shi abin da ba ka gani, ya taru ya cika ɗaki, ya sake kamawa gaba ɗaya. Makulli ake nema. Ka naɗe hannu da jiƙaƙƙen tsumma mai kauri, ka zo ta bayan harshen, ka murɗe, wutar za ta mutu da kanta. Ina koya wa ma'aikatan gidajen abincin da nake haɗa wa kaya wannan a fili, da tukunya ta gaske, har sai hannun kowa ya daina rawa. Na ga ƴar aiki da ta fara da ihu ta koma tana nuna wa ƴan'uwanta yadda ake yi. Kada kuma a kwantar da tukunya ko a shure ta waje da ƙafa: a tsaye iska take fitarwa, a kwance ruwan ne zai fito, wutar ta ninka.

Wani hali daban shi ne tukunyar da gobara ta ritsa da ita, wuta na lasar jikinta. Ruwan ciki na tafasa, matsi na hawa, ƙarfen sama inda babu ruwan da zai shanye zafi yana laushi. Idan ya yage, duk abin da ke ciki yana zama wuta lokaci guda, ɓarɓashin ƙarfe kuma ya yi nisa. Abin da ake iya yi shi ne watsa ruwa a saman jikinta daga bayan katanga, ba a tsaye a gabanta ba. Da ka ji ƙarar fitar gas tana ƙaruwa, ko fenti na tashi, ko jikin ya fara kumbura, aikinka ya ƙare, ka janye mutane. A Feyzin, kusa da Lyon a Faransa, ranar 4 ga Janairun 1966, makullin wata babbar tankar gas a matata ya daskare a buɗe, gas ya malala har titi, wata mota ta kunna shi. Da tankar ta fashe mutum 18 suka mutu, 11 daga cikinsu ƴan kwana-kwana ne. Ƙwararru ke nan da kayan aikinsu.

Mu a nan babbar matsalarmu taron jama'a. Ba wanda ya manta da daren watan Mayun 2019, da tankar mai ta kife kusa da filin jirgin sama na Diori Hamani, mutane suka taru ɗibar fetur, ta kama, sama da mutum 50 suka rasu a daren. Allah ya jiƙansu. Fetur ne ba gas ba, amma halin ɗaya ne, inda ya kamata a watse nan ake cincirindo. A kira 18, lambar ƴan kwana-kwana, tun da wuri, a faɗi unguwa da wata alama da direba zai gane, a faɗi tukunya nawa ce, ta girki ce ko ta walda, sannan a buɗe wa mota hanya.

Ta walda na ce, domin hukuncinta daban. Tukunyar asetilen, gas ɗin da masu walda ke ƙonawa, in ta sha zafi tana iya ci gaba da ɗumama daga ciki bayan an kashe wutar waje, don haka ba a ɗaga ta, ba a jijjiga ta, ruwa ake ta zuba mata daga nesa aƙalla awa guda, sannan ƙwararru su duba. Ta oksijin kuwa ba ta shiri da mai ko giris. Maigidana ba ya bari ka kusanci makullinta da hannun da ya taɓa inji sai ka wanke da sabulu a gabansa.

Amma fa yawancin gobarar da ake kirana in duba bayanta ba daga tukunya take farawa ba, daga kayan araha ne. Mutum zai zo, in nuna masa detandar mai kyau mai milibar 28 (ma'aunin matsin gas ɗin da take fitarwa) da tiyon gas mai kwanan wata a jikinsa, ya ce, "Haba Alhaji, can na gani rabin kuɗin nan." Ya tafi ya sayo marar suna, ya haɗa da tiyon ban ruwan lambu, ya ɗaure da robar taya. Araha ba ta ado. Ƴar robar bakin tukunya ma, da ba ta kai kuɗin kofin shayi ba, sai an yi ciniki a kanta.

Haka abin yake a tukwanen kashe gobara. Akwai masu zagaya ofisoshi su goge ƙura, su manna sabuwar takarda, su karɓi kuɗi. Ranar da wuta ta tashi a matsa, hodar da ke ciki ta dunƙule ta ƙi fita. A wurina sai mun sauke matsi mun buɗe ta, mun juye hodar mun tankaɗe, wadda ta sha danshi a zubar, mu duba bututun ciki da robobi, mu mayar, mu cika da iskar azot (naitirojin) har allurar ma'aunin matsi ta tsaya a kore. Mai iskar CO2 ba ta da allura, sikeli ne ke faɗin gaskiyarta. Duk wanda ya kawo tasa ina so ya tsaya ya ga an buɗe ta a gabansa, kuma kafin ya tafi sai ya zare fil ɗin wata da hannunsa ya fesa a gindin wuta a bayan shago. Wannan gwajin ba na karɓar ko dala a kansa.