Yadda ake haskaka haƙora a hoto ba tare da an ɓata murmushi ba

Yawancin hotunan biki da ake sakawa a Instagram da Facebook suna da aibi guda wanda ido ke kamawa nan take: haƙoran amarya da ango sun yi fari fat kamar an shafa musu alli, babu inuwa a tsakaninsu, babu bambanci tsakanin na gaba da na gefe. A ganina matsalar ta samo asali ne daga tunanin cewa haƙori fari ne. Ɓawon da ke lulluɓe da shi haske na ratsa shi, abin da ke ƙarƙashinsa kuma yana da ɗan launin rawaya, shi ya sa ko lafiyayyen haƙori yake da surkin ruwan madara, fiƙoƙi kuma sukan fi na gaba duhu. Saboda haka aikin mai gyaran hoto shi ne ya rage rawayar da ta yi yawa, ya bar haƙorin da kamanninsa.

Kafin a taɓa baki, ya kamata a duba launin hoton gaba ɗaya, domin fitilun ɗakin taro masu jan haske sukan rina komai, har farar riga ta koma rawaya. Idan aka daidaita farin hoton, sau da yawa rabin matsalar yakan tafi da kansa.

A manhajar Photoshop, wadda kamfanin Adobe ya fitar a 1990, ana zagaye haƙoran da Lasso, wato abin da ake zaɓen wani sashe na hoto da shi, a tausasa gefen zaɓin da fiksel (ƙaramin ɗigon hoto) ɗaya ko biyu don kada iyakar gyaran ta fito, sannan a buɗe Hue/Saturation, wurin gyaran launi da ƙarfinsa, a matsayin shimfiɗa (layer) ta daban a saman hoton. A nan ne mutane da yawa ke kuskure, suna barin zaɓin a kan dukkan launuka, sai haƙoran su koma toka-toka. Abin da ya dace shi ne a zaɓi Yellows, wato launin rawaya, kaɗai, a rage ƙarfinsa zuwa wajen -50 ko -60, a ƙara haske kaɗan ƙwarai. Daga nan a rage kaurin shimfiɗar (Opacity), wato ƙarfin gyaran, har sai haƙoran sun daina fin farin idon mutumin haske, domin farin ido shi ne ma'auni mafi aminci da ke cikin hoton. Wanda ba shi da kuɗin Photoshop zai iya yin wannan aiki da manhajar GIMP, wadda kyauta ce, mai waya kuma yana iya rage ƙarfin launi da burushin manhajar Snapseed, sai dai ya faɗaɗa hoton sosai kafin ya fara.

Akwai abubuwan da darussan Turawa ba sa ambata, alhali a hotunanmu kullum ana cin karo da su. Dattijon da ya saba da cin goro, tabon haƙoransa ya fi karkata zuwa ja, don haka rage rawaya kaɗai ba zai yi tasiri ba sai an taɓa Reds, wato launin ja, kuma a nan ne hatsarin yake, domin leɓe da dasashi su ma ja ne, idan zaɓin ya zarce kansu za su koɗe su yi fari kamar na marar lafiya. Haƙorin Makka kuma dole a cire shi daga cikin zaɓin baki ɗaya. Hajiyar da ta sa zinare ba za ta gode wa wanda ya mayar mata da shi azurfa ba. Haka nan wushirya, wadda manhajojin gyaran fuska na waya kan ɗauka a matsayin lahani, ado ce a wurinmu, kuma duhun da ke cikinta yana daga cikin abin da ke nuna cewa haƙoran na gaske ne.

Idan mutane da yawa ne a hoto, kowa a yi masa shimfiɗarsa, tunda adadin da ya dace da yarinya ba zai dace da kakanta ba. Kafin a adana, a mayar da hoton girman da za a gan shi a waya, a kashe gyaran a kunna, a kuma tuna cewa allo mai haske yakan ɓoye wuce gona da iri wanda takarda za ta bayyana idan aka wanke hoton.