Yadda Na Gane Girman Kubik Yad a Bayan Gidanmu

A Amurka ba a cika sayar da tsakuwa ko yashi da tifa kamar yadda muka saba a gida ba. Idan ka je wurin masu sayar da kayan gini a nan Ohayo, tambayar farko ita ce yadi nawa kake so, wato kubik yad. Ni kuma abin da ke gabana shi ne in shimfiɗa tsakuwa a wani fili na bayan gida da ruwa ke kwanciya, tsawonsa ƙafa 18, faɗinsa ƙafa 12.

Yadin dai shi ne wanda tela ke auna atamfa da shi: ƙafa 3, inci 36. Tun 1959 Amurka da Birtaniya da wasu ƙasashe suka tsayar da shi a kan mita 0.9144. Kubik yad kuwa akwati ne mai yadi ɗaya a tsawo, ɗaya a faɗi, ɗaya a tsayi. Uku sau uku sau uku, 27 ke nan, wato ƙananan akwatuna 27 masu ƙafa guda ta kowane gefe.

Lissafin na shige ni, amma idona bai gan shi ba. Sai na yanka katakai 12 masu ƙafa uku-uku, na haɗa su da ƙusa, na kafa firam ɗin a kan ciyawa. Ya kawo mini kusan ƙugu. Ƙaramar 'yata ta shige ciki ta zauna, da sauran wuri ma. Da ruwa za a cika shi, zai ci lita 765, saura kaɗan ya shanye duro huɗu na lita 200. A nan ne na fara girmama wannan ma'auni.

Sai dai ba wanda ke amfani da tsakuwa a dunƙule, baza ta ake yi, kuma wurin bazawar nan ne kauri ke cinye kaya. Yadi ɗaya, in aka shimfiɗa shi a kaurin inci 1, zai rufe murabba'in ƙafa 324. A inci 3 ya koma 108, a inci 4 kuma 81, a inci 6 bai wuce 54 ba. Filina murabba'in ƙafa 216 ne. A inci 3 yadi biyu cif zai ishe ni. In ƙara inci ɗaya tak, abin da bai kai gaɓar yatsa biyu ba, sai in nemi yadi biyu da kashi biyu cikin uku. Shi ya sa na fi daɗewa a tsugunne da tef ina auna zurfin ramin nan da can fiye da lokacin da na ɓata a kan tsawo da faɗi. Ƙasa ba ta taɓa zama bai ɗaya, wani gefen ya lotsa, wani ya ɗago.

Wani dattijo ɗan Kumasi da muke salla a masallaci ɗaya, wanda ya daɗe yana aikin gini a ƙasar nan, shi ya leƙo ya duba mini. Na ce, “Baba, a inci 4, yadi biyu da kashi biyu cikin uku lissafi ya ba ni.” Ya taka gefen ramin da takalminsa ya ce, “Ɗana, sayi uku. Tsakuwa in ta sha daɓe zama take yi.” Gaskiyarsa. Ramukan da ke tsakanin duwatsun suna matsewa, kuma kuɗin sake kiran mota saboda ɗan ragowa ba ƙarami ba ne.

Da motar ta juye kayan a ƙofar gareji, tulin bai yi kama da akwatina uku ba ko kaɗan. Tsayinsa da kaɗan ya ɗara firam ɗin guda. Dalili kuwa, tuli tsini yake yi a sama ya baje a gindi, kuma mai irin wannan siffa kashi ɗaya cikin uku kawai yake ɗauka na gangar da ta kai shi faɗi da tsayi. Tulin yadi uku ya fi tulin yadi ɗaya tsayi, amma ƙarin ko rabin tsayin na yadi ɗayan bai kai ba. Don haka ban yarda mutum ya tsaya daga nesa ya ce an tauye masa mudu ba. Ya ɗauko baro. Baro mai cin kubik ƙafa 3 sahu tara ne a yadi ɗaya, in an cika shi daidai baki.

Nauyi kuma zancensa daban. Yadi ɗaya na tsakuwa ya haura tan guda, na kankare yana kaiwa wajen kilo 1,800, alhali na ɓawon itacen da ake zubawa a gindin fure bai kusa da su ba, sai dai in ruwan sama ya jiƙa shi ya ƙara nauyi. Wanda ke tunanin ɗaukowa da ƙaramar akori-kurarsa, ya fara karanta takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, inda aka rubuta iya kayan da motar za ta ɗauka, sannan ya tambayi mai sayarwa nauyin yadi ɗaya na ainihin kayan da yake so.